Filin Goggo: Baba ya rasu, ni kuma a kwalekwalenshi kaɗai nake samun sanyin rai

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru sosai, na aure da na kishiya kaman kullum, amma guda uku na ware gefe don duk abu ɗaya ke cin waɗanda suka aiko su a rai, rashin uwa ko uba, na farkon ma tun da na karanta shi na kasa wuce shi. Kaman yadda muka saba ba a sa sunan kowa.

TAMBAYA TA FARKO, daga Yauri

Salamu alaikum Goggo ina wuni, ya ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni mutumin Yauri ne amma koyarwa nake yi a wata sakandare a Birnin Kebbi, shekarata 31 ban yi aure ba tukuna. Babanmu Allah ya yi mishi rasuwa wata uku ke nan bayan ya sha jinya. Basarke ne gaba da baya, da kuɗin kifi ya yi mana karatu mu shida, amma ni ko sau ɗaya bai yarda na bi shi su ba, in na matsa sai ya ce kai riƙe biro ka bar mani filafili. Washegarin sadakar bakwai gida ya yi mani ƙunci na fita ban san inda na nufa ba sai ga ni bakin ruwa, na iske kwalekwalenshi ɗaure inda ya saba ɗaure shi, ruwa ya kusa cika shi ga ganye ga laka, na ɗauki ƙwaryar da ke ciki na hau kwalfewa ina kuka. Nan amininshi da muke kira Baffa ya same ni, bai ce mani uffan ba sai da na gama ya ce shiga mu zaga. Goggo tun daga ranar duk Juma'a in an tashi makaranta mota nake shiga mu bi Jega mu bi Koko dare ya yi mani a gida, asubar Asabar ina cikin jirgi. Baffa na koya mani tuƙi, da rana mu zauna inuwa yana nuna mani yadda ake ɗinke koma inda ta yage, ɗan abin da muka kama in kawo gida in dafa da hannuna don Inna na takaba abinci ba ya shigar mata, amma in na yi romon tarwada ko miyar kifi da tuwon shinkafa tana ɗan taɓawa. Gaskiya ina jin daɗin abin nan ba kaɗan ba, wani lokaci sai in yi awa guda a ruwa na manta ma an yi rasuwa. Rannan na kama wata ƙatuwar karfasa ina ta dariya na ba wani yaro wayata ya ɗauke ni hoto na sa a sitatus na WhatsApp, ko minti goma ba a yi ba yayarmu da ke aure a Zuru ta kira tana faɗa, wai ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba ina yawon shaƙatawa ina washe baki, wai kuma na zama abin nuni a dangi namiji da muciya. Yau sati biyu ban je ba. Goggo laifi nake yi? Ko dai ban so shi yadda ya kamata ba ne shi ya sa nake iya dariya?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Baba ya gafarta mishi, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi, ita kuma Inna ya fitar da ita takaba lafiya.

Ba ka yi laifin komi ba, Asabar mai zuwa ka koma ruwa. Amma zauna mu yi magana tukuna, akwai abubuwa cikin saƙon nan naka da kai kanka ba ka lura da su ba, akwai kuma inda zan ja maka kunne sosai.

Mu fara da addini tunda can tsoronka yake. Makokin da aka yarje wa mutum a kan uba ko uwa ko ɗan'uwa kwana 3 ne, matar mamaci ce kaɗai aka ɗora wa wata 4 da kwana 10, wanda Inna ke ciki yanzu. Kuma an yi abin a aikace cikin gidan Annabi (SAW) ba a baki kawai ba. Lokacin da Abu Sufyan ya rasu, ɗiyarshi Ummu Habiba matar Manzon Allah da aka kwana uku sai ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta ce wallahi ba buƙatar turaren take ba, ta dai ji Annabi ya ce bai halatta mace mumina ta wuce kwana uku tana makoki ba in ba a kan miji ba, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ubanta ne fa da ya haife ta. Hawaye su ba a yanka masu wa'adi ba, Annabi da kanshi ya yi hawaye ranar da ɗanshi Ibrahim ya cika, abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufa da furta maganar da ke nuna mutum bai yarda da hukuncin Ubangiji ba. Dariya a kan karfasa bayan wata uku ba ta shiga ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Zancen wai ko ba ka so shi ba kuwa, ɗana wanda bai so ubanshi ba ba ya durƙusawa cikin laka yana kwalfe mishi jirgi yana kuka babu mai ganinshi. Awa gudan nan da kake mantawa rahama ce, da Allah bai sa wa zuciya irin wannan lumfasawar ba babu wanda zai sake kai lomar tuwo baki bayan ya kai mahaifinshi makwanci. Kuma ka duba inda kake mantawar, cikin jirginshi, filafilinshi a hannunka, amininshi na bayanka.

Baffan nan ma ina so ka dube shi da kyau. In an yi rasuwa gidan mamaci ake zuwa gaisuwa, babu mai tunawa ya taka gidan aboki ya ce mishi ya haƙuri, alhali wataƙila shekara arba'in suka yi suna fita tare kafin alfijir. Shi ma maraici yake, ganinka cikin jirgin nan shi ke rage mishi, sati biyun da ka ɗauke ƙafa na tabbata ya leƙa bakin ruwa ya fi a ƙirga. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka daga jakinshi ya ba shi, ya kwance rawanin kanshi ya ƙara mishi, abokan tafiya suka ce haba ai mutanen nan abu kaɗan ke isarsu, ya ce uban wannan mutumin masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi yana cewa mafificiyar biyayya ita ce ɗa ya sada zumunci da masoyan ubanshi. To kai ga shi Allah ya haɗa maka biyayya da abin da ranka ke so wuri guda. In za ka je ka riƙa mishi goro ko sikari da ganyen shayi, kada ka riƙa zuwa hannu rabbana.

Maganar Baba ta ka riƙe biro, kada ta tsaya maka a wuya kaman ka saɓa mishi. Wahalar ruwa ya guje maka, sanyin asuba, kwana a tunga, ranar da za a jefa koma a jawo ta wayam, kuma biron ka riƙe shi tunda ga ka kana koyarwa. Ni 'yar Argungu ce, idona ya buɗe a kan kogin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, maza dubbai kowa da gorarshi da homarshi suna jiran a ba da izini su afka ruwa, ga Kabanci ana tseren jirgi ana kamun agwagwar ruwa ana nutso a fito da kifi da hannu. Bikin nan tun 1934 ake lissafa shi, zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu bayan doguwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Amma abin da ke ba ni tausayi, 'ya'yan masunta da yawa da na sani yanzu 'yan kallo suka koma, su zo da mota su ɗauki bidiyo su tafi, a ba su homar da ta yage ba su san ta inda za su fara ba. Sarkawa daga ƙasar Kabi suka bazu suka bi Kwara suna kafa tungaye, sana'a ce mai sarauta da tarihi. Kyan ɗa ya gaji ubanshi. Tunda kai mai biro ne ka sayi littafi guda, duk abin da Baffa ya faɗa ka rubuta, sunayen kifi, giwan ruwa, kurungu, yauni, tsage, wanne ake samu wane lokaci, wane ƙulli ake yi wa koma, don ranar da tsofaffin nan suka ƙare da abinsu za su tafi.

Yanzu yayarka. Kada ka riƙe ta, kuma kada ka tura mata hadisan nan da na kawo maka don ka kayar da ita, wuta za ka ƙara. Ka sa kanka a matsayinta, tana can Zuru gidan miji, ta zo ta yi kwanakin gaisuwa ta koma kan girki da yara, ba jirgi ba Baffa ba Inna kusa, nata rabon kawai ta buɗe waya ta ga ƙaninta cikin kwalekwalen ubanta yana dariya. Zafin rashi ne ya fito mata ta hanyar faɗa. Inda na ga ka yi gaggawa shi ne hoton, sitatus kowa ke gani kuma babu mai ganin kukan da aka yi kafin dariyar, don haka ka ɗan ajiye hotuna a wayarka zuwa Inna ta fita takaba. Ka samu kifi mai kyau a yi maka banda, ka kai mata da ƙafarka in da hali, ka ce Yaya wannan da jirgin Baba aka kama shi. Ka ba ta labarin ranar da ka kwalfe ruwan, ban jin ta san shi.

Ga kuma inda ba ka taɓo ba kuma dole in faɗa: kwalekwalen nan gado ne. Shi da koma da ƙugiyoyi da duk kayan su, daga ranar da Baba ya cika sun zama haƙƙin ku duka, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya in akwai, Inna na da tumuni wato kashi ɗaya cikin takwas tunda akwai 'ya'ya, saura a raba namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Shiru da 'yan'uwa suka yi ba ya nufin sun yafe, kuma in akwai ƙanana da ba su balaga ba abin ya fi nauyi. Ka tara su ka ce ina son jirgin nan, a kira masu sana'ar su yi mishi kuɗi a sa cikin rabona ko in biya, kafin nan kuma ina neman izininku in riƙa shiga. Abu kaɗan ne yanzu, in aka bar shi shekara biyar sai ya raba zumunci.

Sai jan kunnen. Kai ba a ruwa ka tashi ba, jinin Sarkawa ba ya hana nutsewa, iya ruwa fidda kai. Ba ka gaya mani ko ka iya iyo ba, in ba ka iya sosai ba wannan shi ne darasi na farko kafin tuƙi, a wuri mara zurfi Baffa na tsaye. Ka sayi rigar ceto ka riƙa sa ta ko za a yi maka dariya a bakin ruwa, su yi ta yi. Ruwan Yauri ba fadama ba ne, tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya hau ya cinye tsibirai da gonaki har aka tashi Gungawa aka sake masu matsuguni, kututturan itatuwan da ya shanye suna nan ƙasa, in ruwa ya ja baya su ke fasa jirgi. Kuma Kwara sau biyu take cika a shekara, akwai ruwan damina mai laka, akwai wanda ke isowa daga can Gini da Mali lokacin sanyi, hanyar da ka bi lafiya wannan watan wata mai zuwa ta canza. Mu a Kebbi ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski cike maƙil ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kwana da kwanaki ana tsamo gawa. Kada ka fita kai kaɗai tukuna, kada ka kai magariba, ka ga hadari ya haɗo ka nemi gaɓa tun kafin iska ta taso, kada ka miƙe tsaye cikin kwalekwale don murnar kifi, in jirgin inji ya wuce ka juya goshin naka ya fuskanci igiyar ruwan kada ta buge ka ta gefe, inda aka ce maka akwai dorina kuwa ko kusa, balle mai ɗa. In ka taɓa ganin jini a fitsari ka je asibiti, tsargiya ce ake ɗauka a ruwa kuma tana da magani. Inna ta rasa miji, ba za ta iya ɗaukar wani ba.

Namiji da muciya kuma, masunta in sun yi sati a tunga wa ke tuƙa masu tuwo? Babanka da kanshi na tabbata ya iya, tambayi Baffa. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi ke yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinshi, in lokacin salla ya yi ya fita. Ciyar da wanda aka yi wa rashi ma sunna ce, da labarin shahadar Ja'afar ya iso Madina Annabi cewa ya yi a yi wa iyalinshi abinci don abin da ya shagaltar da su ya zo masu. Ita Nana A'isha in an yi rasuwa a danginta mata sun watse sai ta sa a dama talbina, wani kunu ne na garin sha'ir, ta ce ta ji Annabi na cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. To kai uwarka kake ciyarwa, wa ya fi ka. Abin da zan ƙara maka kawai, kada ka dafa ka miƙa mata ka fita, ɗauko tukunyar kusa da tabarmarta ka riƙa tambaya, Inna gishiri ya ji? Inna daddawa nawa Baba ke so? Ko ka sani ka tambaya, bakinta zai buɗe, wanda ya yi magana a kan miya kuwa da wuya ya ƙi ɗanɗanawa. Tarwada ka zuba mata ruwan zafi ka kankare yauƙin ko ka murje ta da lemun tsami, sai romo ya nuna ka sa ta daga ƙarshe, kada ka juya da ludayi ta farfashe, girgiza tukunyar kawai.

TAMBAYA TA BIYU, daga Jega

Goggo barka da aiki. Mamata ta rasu bara, tun lokacin nake ƙoƙarin in yi miyar sure da gyaɗa irin tata da miyar kuka amma wallahi ba ta fitowa, na sa duk abin da na ga tana sawa, maigida ya ce ta yi daɗi yara su cinye amma ni da na kai baki na san ba ita ba ce sai in tashi in shiga ɗaki in yi ta kuka. Laifina ne lokacin da tana raye in ta ce zo ki gani sai in ce Mama ai na iya. Akwai dabara ko in haƙura in daina?

AMSA

Allah ya jiƙan Mama, ɗiyata. Kada ki daina. Wannan ciwon na san shi, ni ma da tawa uwar ta rasu na daɗe ina bin miyar kukarta ban kamo ba, ashe abokiyar zamanta na kallona, rannan ta ce ke ai ita ba ta sa kanwa, ruwan toka take tacewa na karan gero, daddawarta kuma ta batso ce ba ta kalwa ba. Abu biyu kacal, shekaru ina ci ban sani ba.

Don haka ki bar tambayar kanki, tambayi waɗanda suka yi girki kusa da ita, ƙanwarta, kishiya in akwai, maƙwabciyar da suke aron turmi. Kada ki ce su faɗa maki da baki, tsofaffi ba su da awo, za su ce maki sa kaɗan ne kawai, ki kai cefane gidansu ku dafa tare ki kunna rikoda a waya. Ki lura da abubuwan da ido ba ya kamawa. Daddawar batso da gurguzu ake yinta wato 'ya'yan sure, ƙamshinta daban da ta kalwa, ta waken suya da ta cika kasuwa yanzu kuma daban da su duka. Gyaɗar nan daka ta take a turmi ko markaɗe take kaiwa, ɗanya ko soyayya? Suren tana tafasawa ta zubar da ruwan farko ko da tsaminshi take so? In kanwa take sawa ki yi hankali, ta yi yawa ta kashe miya ta ɓata ciki. Kifi banda tana jiƙa shi da ruwan zafi ta cire ƙaya ko daka shi take ya bi miya? Kukar ma akwai wadda aka shanya a inuwa tana nan kore shar, akwai wadda rana ta cinye ta koma ruwan ƙasa. Sannan wuta, Mama a murhu take yi da itace miya ta yi ta ɓararraka a hankali hayaƙi na shiga, ke kuma wataƙila gas ne ko risho da ɗunkulen magi uku minti ashirin an sauke. Ranar da kike da lokaci ki haɗa murhu a tsakar gida ki gwada.

Zan gaya maki gaskiya, ko kin haɗa duk wannan za ki kusa ne sosai amma wani abu zai rage, hannun da ke zuba maki ne babu. Maganar ai na iya kuma, kusan duk ɗiya ta faɗa wa uwarta haka, kuma uwa ba ta riƙe irin wannan. Ranar da miyar ta yi kyau ki zuba a kwano ki aika wa ƙawayenta, Annabi in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Su za su gaya maki ko kin kamo, kuma za su yi mata addu'ar da ta fito daga zuci.

TAMBAYA TA UKU, daga Bunza

Goggo ni mahaifiyata masaƙiyar faifai ce da tabarma, wata takwas da rasuwarta, ta bar wani faifai rabi da basillarta soke a jiki. Na iya saƙar don ita ta koya mani amma ko kallonshi ba na iya yi. Ba na barci, na rame, ko wanka sai an yi mani faɗa, komi ya fita raina, wani lokaci ina jin da ma in bi ta in huta. Mutane na cewa rashin tawakkali ne. Shin alhaki ne a kaina in ban ƙarasa mata faifan ba?

AMSA

Ɗiyata, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Babu alhakin komi a kanki, faifai ba bashi ba ne ba wasiyya ba.

Amma ba faifan ya tsorata ni ba, maganar da ma in bi ta ce. Wata takwas ba barci ba ci ba kula da jiki, wannan ya wuce baƙin cikin rashi da kowa ke yi, alamun ciwon damuwa ne, ciwo ne kaman hawan jini kaman suga, yana kama mai sallar dare yana kama malami, kuma ana warkewa. Masu ce maki rashin tawakkali ba su sani ba ne. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki samu mutum ɗaya da kika yarda da shi a gida ki faɗa mishi maganar nan yadda kika faɗa mani, ki daina kwana ke kaɗai a ɗaki, a raka ki asibiti ki gaya wa likita komi har da tunanin nan kada ki ɓoye don kunya. Birnin Kebbi ba nisa daga Bunza, akwai asibitin Sir Yahaya, in ana buƙatar ƙwararru kuma akwai asibitin tarayya na Kware a Sakkwato da aikinsu ke nan. Addu'a da azkar ki riƙe su, maganin ma ki sha, ba su hana juna.

Faifan ki naɗe shi a zane mai tsabta ki ba wata innarki ta ajiye maki, ba sai yana gabanki kullum ba. In kin fara samun barci jiki ya dawo, kada ki fara da shi, ki je inda ƙawayen saƙarta ke zama da hantsi ki zauna cikinsu ko ba ki taɓa komi ba, in hannunki ya yi ƙaiƙayi ki fara sabo ƙarami na rufe kofi. Nata kuma duk ranar da kika ji za ki iya, ki tuna kabar ta bushe za ta karye, sai kin yayyafa mata ruwa kin rufe da jiƙaƙƙen tsumma ta yi laushi, sabuwar galura kuma ba za ta zo daidai da tata ba don tata ta ɗan koɗe, kada ki wahalar da kanki neman sajewa, bar shi a riƙa ganin inda hannunta ya tsaya naki ya ɗora.

Ki sake rubuto mani bayan kin ga likita, ina jiran saƙonki.